Samarin Biyetinam: daga shinkafa zuwa kayan zaƙi

Biyetinam ƙasa ce ta nahiyar Asiya. Abincinsu na gado shinkafa ce da kifi da ganye. Amma yanzu a birane samari da ƴammata da yawa sun koma ga soyayyar kaza da shayin madara mai yawan sukari.

A shekarar 2010, cikin yara ɗari masu shekara 5 zuwa 19, masu ƙiba fiye da kima ba su kai 9 ba. A 2020 sun kai 19. Irin wannan ƙiba tana jawo ciwon sukari da hawan jini. Saboda haka a 2025 majalisar dokokin ƙasar ta yarda a aza wa lemun kwalba haraji daga 2027.

Iyaye, mu lura da abin da ƴaƴanmu ke saye bakin makaranta.