Faifan Japan da ya yi shekara 40 kafin kasuwarsa ta buɗe

Masu sauraronmu na Zangon Kumasi, musamman direbobi da 'yan goro, kun yi ta tambaya kan kiɗan nan marar waƙa da muke sakawa bayan labaran kasuwa. To, ga bayaninsa.

Sunan faifan "Scenery", kuma a birnin Sapporo na ƙasar Japan aka ɗauke shi a 1976. Mutum uku ne kacal suka yi shi: Ryo Fukui a kan piyano, wani a kan ganguna, na ukun kuma yana riƙe da bas, wato ƙaton goge mai tsayin mutum da ake taɓa tsirkiyarsa da yatsa. Kiɗa shida ne a ciki, babu muryar kowa. Ka kasa kunne za ka ji piyano na jan gaba, sauran biyun na amsa masa, kamar makaɗi da 'yan amshinsa.

Makiyaya, wannan mutumin naku ne ta wani ɓangaren. A tsibirin Hokkaido aka haife shi a 1948, yankin da ke samar da fiye da rabin madarar shanun Japan. Sai da ya kai shekara 22 ya fara koya wa kansa piyano, bayan shekara 6 ya fitar da faifan.

Za ka ce, me ya haɗa mutumin Japan da mu? Baƙaƙen fatar Amurka ne suka ƙirƙiro kiɗan jaz. Ɗaya daga cikin manyansu, Art Blakey, ya zo Afirka ta Yamma kafin 1950, ya kuma musulunta. A 1961 ya kai kiɗansa Japan, matasa suka rungume shi. A 1962 ya kaɗa wani kiɗan Guy Warren, mai gangan nan na Accra da aka fi sani da Kofi Ghanaba. Ka ga ashe kiɗa ma yana fatauci.

Da faifan Fukui ya fito, waɗanda suka san shi a wajen Japan ba su da yawa. Shi kuwa ya ci gaba da kaɗawa a Sapporo har ya rasu a 2016. Wajen lokacin ne faifan ya bazu a YouTube, miliyoyin mutane suka saurara, aka sake buga shi a Turai a 2018.

Abin lura a nan, da ba a adana faifan ba, da babu mai jinsa yau. A shagunan Aboabo da Asawase akwai tsofaffin kaset na Shata da Ɗan Maraya, da na makaɗan biki na Zango waɗanda ba a taɓa ɗaukar su a wani wuri ba. Idan kana da irinsu, kada ka zubar. Ka raba su da rana da laima, ka sa yaro ya juye maka su a waya tun zaren bai tsinke ba.