Yadda tsohon kwamandan 'yan gwagwarmaya da wasu Italiyawa suka shirya fim ɗin Yaƙin Aljiyas

A shekarar 1966 fim ɗin La battaglia di Algeri, wato Yaƙin Aljiyas, ya lashe kambun Zakin Zinare a bikin fina-finai na birnin Benis da ke Italiya. Wakilan Faransa sun ƙaurace wa kallonsa, kuma sai a 1971 aka fara nuna shi sosai a gidajen sinimar ƙasarsu. Abin da ya sa fim ɗin ya yi wannan tasiri yana cikin yadda aka shirya shi, da kuma irin mutanen da suka tsaya a bayan kyamara.

Wanda ya fara kawo shawarar shi ne Saadi Yacef, tsohon kwamandan mayaƙan ƙungiyar FLN a birnin Aljiyas. Sojojin Faransa sun kama shi a watan Satumban 1957, aka yanke masa hukuncin kisa, daga baya aka sassauta. A kurkuku ya tsara littafin abubuwan da ya gani a yaƙin. Bayan Aljeriya ta samu 'yanci a 1962, ya kafa kamfanin Casbah Film, sannan ya nufi Italiya neman daraktan da zai mayar da labarin fim.

A can ya haɗu da Gillo Pontecorvo, Bayahuden Italiya haifaffen garin Pisa, wanda ya taka rawa a gwagwarmayar ƙarƙashin ƙasa da aka yi da mulkin fasist lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Pontecorvo ya san yadda ake gudanar da ƙungiyar sirri a birnin da sojoji suka mamaye. Shi da marubucinsa Franco Solinas sun riga sun tsara wani fim kan Aljeriya mai suna Parà, wanda tauraronsa zai kasance tsohon sojan laima na Faransa, har suna tunanin ba Paul Newman rawar. Yacef kuwa ya zo da nasa rubutun da ya cika da yabon jarumtar 'yan gwagwarmaya. Italiyawan suka ce nasa ya karkata gefe guda, shi kuma bai ga dalilin sa Bature a tsakiyar labarin Aljeriyawa ba. Aka jingine rubutun biyu, Solinas ya sake sabo bayan dogon bincike da tattaunawa da waɗanda suka yi yaƙin daga ɓangarorin biyu.

An ɗauki fim ɗin a 1965 a ainihin lungunan Kasba, tsohuwar unguwar Musulmi ta Aljiyas, shekara uku kacal da ƙarewar yaƙin. Kusan duk 'yan wasan ba su taɓa tsayawa gaban kyamara ba. Brahim Haggiag, wanda ya fito a matsayin Ali la Pointe, talaka ne da daraktan ya zaɓa saboda fuskarsa. Yacef da kansa ya fito da sunan Jafar, yana maimaita abin da ya aikata. Gogaggen ɗan wasa guda cikin manyan taurarin shi ne Bafaranshe Jean Martin, mai rawar Kanar Mathieu, kuma shi ma ya rasa aiki a ƙasarsa bayan ya sa hannu kan sanarwar mutum 121 masu adawa da yaƙin a 1960. Gidan da sojoji suka tarwatsa a watan Oktoban 1957 da Ali la Pointe da abokansa uku a ciki, an sake gina shi a wurin da yake, aka sake tarwatsa shi a gaban kyamara.

Mai kallo zai rantse cewa hotunan labaran lokacin yaƙin yake gani, amma babu ko ɗaya a ciki. Wannan aikin mai ɗaukar hoto Marcello Gatti ne. Ya yi amfani da baƙi da fari, yana riƙe kyamara a hannu cikin lungunan da suka yi ƙunci, yana ɗauko fuskoki daga nesa kamar ɗan jaridar da ke tsoron matsowa. An kuma sarrafa hoton a ɗakin wanki domin ya yi dishi-dishi irin na tsofaffin labarai. Mario Serandrei ya fara tace fim ɗin, ya rasu kafin a kammala, Mario Morra ya ƙarasa.

Kiɗan kuwa Ennio Morricone ya tsara tare da daraktan, kuma a nan matsayin fim ɗin ya fi fitowa. Sautin alhini iri ɗaya ne yake tashi lokacin da ake zaƙulo gawarwakin Aljeriyawa daga gidajen da aka dasa wa bam a Kasba, da lokacin da ake kwashe gawarwakin Turawan da bama-baman FLN suka kashe a wuraren shaƙatawa. Fim ɗin yana goyon bayan 'yancin Aljeriya a fili, kuma ya nuna azabtarwar da sojojin laima suka yi wa fursunoni. Duk da haka, kafin bam ya tashi, kyamara tana bin fuskokin waɗanda za su mutu, har da ƙaramin yaro mai shan askirim. Yacef ya amince aka bar wannan a fim ɗin da kamfaninsa ya zuba wa kuɗi.

Akwai abin da aka tsallake. Ba a taɓo ƙazamin rikicin da FLN ta yi da magoya bayan Messali Hadj ba, wanda ya ci rayukan Aljeriyawa da yawa. Mutuwar jagora Larbi Ben M'hidi a tsare an bar ta cikin shakku, sai a 2001 Janar Paul Aussaresses ya amsa cewa shi ya sa aka rataye shi.

A 2003, watanni bayan mamayar Iraƙi, ma'aikatar tsaron Amurka ta nuna wa jami'anta fim ɗin domin su nazarci yadda Faransa ta murƙushe FLN a Aljiyas a 1957, amma ta rasa ƙasar baki ɗaya bayan shekara biyar.