Shekara 10 a kurkuku saboda raina umarnin kotu

A watan Maris na 2014, wata kotun tarayya a birnin Shikago na Amurka ta yanke wa Kevin Trudeau, fitaccen mai tallar kaya a talabijin, hukuncin ɗaurin shekara 10. Laifin da aka same shi da shi guda ɗaya ne, wato raina kotu.

Asalin maganar tsohuwa ce. Hukumar FTC, mai kare haƙƙin masu saye a Amurka, ta daɗe tana kai ruwa rana da shi kan tallace-tallacen ƙarya, ciki har da wani sinadari da ya ce yana maganin ciwon daji. A 2004 aka sasanta a gaban kotu. Ya biya dala miliyan 2, aka kuma hana shi tallar kaya ta dogayen shirye-shiryen talabijin, in ban da littattafai, su ma da sharaɗin kada ya faɗi abin da babu a cikinsu. Ya amince, ya sa hannu.

Bayan shekara uku sai ga shi da littafin rage ƙiba. A talabijin yana cewa hanyar mai sauƙi ce, kuma idan mutum ya kammala zai ci duk abin da ransa ke so. Wanda ya buɗe littafin kuwa sai ya tarar da wani abu daban: cin abinci kalori 500 kacal a rana na makonni, allurar sinadarin hCG kullum, da wankin hanji. Ka tuna su wa ke sayen irin wannan littafi. Mutane ne da ƙiba ta dame su, wasu likita ya riga ya gargaɗe su, sun gwada hanyoyi da yawa sun gaji. Damuwarsu ya mayar jari.

Alƙali Robert Gettleman ya same shi da saɓa umarnin, daga baya aka ɗora masa dala miliyan 37.6 domin a mayar wa waɗanda suka sayi littafin. Trudeau ya ce ba shi da ko sisi, alhali yana ci gaba da rayuwar ƙasaita.

A dokar Amurka raina kotu iri biyu ne. Akwai wanda manufarsa tilasta wa mutum bin umarni ko biyan diyya, da zarar ya bi an wuce wurin. Akwai kuma wanda ake ɗauka a matsayin laifi, a hukunta mutum kan abin da ya riga ya aikata, ko da ya dawo yana neman afuwa. Wannan na biyun dokar tarayya ba ta ƙayyade masa iyakar shekaru ba. Sai dai tun 1966, a shari'ar Paul Cheff, shugaban wani kamfani da shi ma ya saɓa umarnin da ya samo asali daga FTC, Kotun Ƙoli ta ce duk ɗaurin da zai wuce wata shida sai an gurfanar da mutum gaban juri, wato 'yan ƙasa da ake zaɓa su saurari shaida. Haka aka yi wa Trudeau, juri suka same shi da laifi a Nuwamba 2013, sannan Alƙali Ronald Guzman ya yanke hukunci.

Wasu na ganin shekara 10 ta yi yawa ga wanda bai zub da jinin kowa ba. Ni ban ga haka ba. Mutumin ya taɓa zaman gidan yari a farkon shekarun 1990 kan zamba da katin bashi, an ci shi tara ya biya ya koma ruwa. Ga irinsa, tara ta zama wani ɓangare na kuɗin gudanar da sana'a. Da kotu ta tsaya a kan tara kawai, da kowane mayaudari ya fahimci cewa umarninta abu ne da ake iya saye. Hukuncin Guzman ya dace da laifin.