Cocin Kilpeck: Ginin Da Talauci Ya Tsare

A yammacin Ingila, daf da iyakar Wales, akwai wani ɗan ƙauye mai suna Kilpeck a gundumar Hereford. Gidajensa ba su taka kara sun karya ba, amma masana tarihin gine-gine ba sa ƙetare shi, saboda wata ƙaramar coci da aka gina wajen shekarar 1140, kimanin shekara 70 bayan mutanen Nomandi sun ci Ingila da yaƙi a 1066.

Da jan dutse aka gina ta, ɗaki 3 a jere: zauren masu ibada, sai wurin limamai, sannan wani lungu mai siffar rabin da'ira daga gabas. Ba ta da doguwar hasumiya. Abin da ya fito da sunanta shi ne sassaƙa. A ƙofar kudu magina sun fitar da macizai, da mayaƙa 2 cikin sarƙaƙiyar rassa, da bishiya a bisa ƙofar. Daga waje kuwa, a ƙarƙashin rufi, duwatsu fiye da 80 ne suka leƙo, kowanne da surarsa: kare da zomo, mai goge, da fuskokin dodanni.

To, me ya sa ta kawo yau kusan yadda aka gina ta? A lokacin, Kilpeck gari ne mai ganuwa a gindin fadar ubangidansa. Yunwa da annobar 1349 suka kassara shi, fadar ta zama kango. Garuruwan da suka yi arzikin ulu a ƙarni na 15 sun rushe tsofaffin cocinsu, sun gina manya masu faffaɗan tagogi. Mutanen Kilpeck ba su da halin yin haka, sai dai su toshe inda ya yi yoyo.

Sai dai talauci kaɗai ba ya riƙe gini. A yau masu ibada sun yi ƙaranci a ƙauyukan Ingila, alhali kuɗin gyara yana wuyansu. Asusun da aka kafa a 1969 don cocin da aka daina amfani da su yana kula da fiye da 350. Ta Kilpeck ba ta cikinsu, domin har yanzu ana ibada a ciki. Ranar da mutanenta suka daina shiga, ranar ce za ta fara tsufa na gaskiya, don kowa ya bar gida, gida ya bar shi.