Motocin Safa na Jama'a: Daga Ina Kuɗinsu Ke Fitowa?

Ma'aikaci ko ɗan kasuwa da ke zaune a Gangare, a cikin garin Jos, wanda kullum yake zuwa Bukuru ko kasuwar Farin Gada, yana bukatar mota mai araha. A shekarar 1988 Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da shirin sufurin jama'a a birane, aka ba jihohi motocin safa, amma da yawa daga cikinsu suka lalace saboda rashin kayan gyara. Bayan janye tallafin man fetur a 2023, kuɗin mota ya yi tashin gwauron zabo, sai Gwamnatin Jihar Filato ta fito da motocin Tin City Metro a 2024.

Sayen safa sau ɗaya ake yi, amma mai da tayoyi da albashin direbobi da makanikai na kullum ne. Idan an rage kuɗin mota domin talaka, abin da fasinjoji ke biya ba ya isa, sai gwamnati ta cike giɓin daga harajin jama'a. Saboda haka wajibi ne hukuma ta ware kuɗin gyara kowace shekara. Jama'a kuma su biya haraji da kuɗin mota, su bi layi, kada su ɓata kujeru, domin dukiyarsu ce.