Farfaɗo Da Tsohon Injin Peugeot A Lafiya: Sha'awa, Sana'a Da Lissafin Kuɗi

Lafiya, Jihar Nasarawa. Duk wanda ya bi babbar hanyar da ta ratsa garin Lafiya daga Akwanga zuwa Makurdi, ya kuma kula da garejojin da ke bakin titi, da wuya ya rasa ganin tsohuwar mota ƙirar Peugeot 504, wadda jama'a suka fi sani da Fijo, an sauke injinta an shimfiɗa kayansa a ƙasa. Masu kawo irin wannan mota iri biyu ne. Akwai mai a-kori-kura da ke jigilar doya da riɗi daga Doma, Awe da Asakio, wanda motar ita ce jarinsa. Akwai kuma ɗan kasuwa ko ma'aikaci da ke da motar zamani, amma ya riƙe wadda ya gada, yana kashe mata kuɗi da lokacin hutunsa domin sha'awar jin injin ya tashi da ƙarfinsa na asali. Dukansu bakanike ɗaya suke nema, kuma kayan gyara ɗaya suke rububi, kayan da kullum suke ƙara ƙaranci.

Idan dai ba a manta ba, kamfanin Peugeot na ƙasar Faransa ya fito da 504 a shekarar 1968, aka kuma zaɓe ta motar shekara ta nahiyar Turai a 1969. A nan gida, kamfanin PAN ya fara haɗa motoci a Kakuri da ke Kaduna a 1975. A zamanin mulkin soja na Janar Olusegun Obasanjo, daga 1976 zuwa 1979, Peugeot ta zama motar hawa ta jami'an gwamnati, yayin da doguwar samfurinta ta mamaye tashoshin mota, har da layin Jos zuwa Lafiya da Makurdi, tun Lafiya tana cikin Jihar Filato kafin a ƙirƙiro Jihar Nasarawa a 1996. An ci gaba da haɗa 504 a Kaduna har zuwa 2006, shekaru masu yawa bayan an daina yin ta a Turai.

Abin da ke jan hankalin masu sha'awa shi ne tarihin motar a fagen tsere. A 1975 direba Ove Andersson na ƙasar Suwidin ya lashe gasar Safari ta Kenya da 504, a shekarar kuma Hannu Mikkola ya lashe gasar Maroko da irinta. A 1978 Jean-Pierre Nicolas na Faransa ya lashe Safari da gasar Bandama ta ƙasar Kwaddibuwa da samfurin mai ƙofa biyu, mai inji silinda shida. Wannan inji, wanda Peugeot da Renault da Volvo suka haɗa gwiwa suka ƙera, ya shiga 504 a 1974 da ƙarfin doki 136, daga baya aka faɗaɗa shi ya kai doki 170 a cikin 505. Injin da aka fi sani a Nijeriya kuwa shi ne mai silinda huɗu, mai girman sisi 1,971, wanda ƙarfinsa ya ɗan haura doki 90. Burin mai sha'awa shi ne ya maido da wannan ƙarfi cif, ko ya ɗan ƙara a kai.

Dalilin da ya sa injin yake gyaruwa sau da yawa yana cikin ƙirarsa. Gangar jikinsa ta baƙin ƙarfe ce, kansa kuma na alminiyum. Fiston ba ya gogar gangar jikin kai tsaye. Yana hawa da sauka ne a cikin wani bututun ƙarfe da makanikai ke kira silif, wanda ruwan sanyaya inji ke kewaye da shi, kuma ana iya zare shi a sa sabo. Saboda haka idan inji ya gaji, ana sayen silif huɗu da fiston da zobensu, a yanka karanshaf, a sa mital daidai da yankan, sai inji ya koma kusan sabo ba tare da an taɓa gangar jikin ba. A fuskar tattalin arziki, wannan yana nufin jari mafi tsada yana nan daram, ƙananan kaya kawai ake sauyawa.

Amma kuma a nan ne asara take ɓuya. Kowane silif yana zaune ne a kan wani siririn abin toshe ruwa, kuma wajibi ne bakinsa ya ɗan ɗara gangar jiki da wani awo ƙanƙane domin gasket ya kama shi sosai. Idan aka cire kan inji, sannan aka juya karanshaf ba tare da an danne silif ba, sai ya motsa daga mazauninsa, ruwa ya riƙa zurara cikin baƙin mai. Mai mota ba zai sani ba sai ya ga man ya koma kalar koko, a lokacin kuwa mital ya riga ya fara ci. Haka nan kan inji na alminiyum yana lanƙwasa idan inji ya yi zafi fiye da kima, kuma sabon gasket ba ya maganin lanƙwasasshen kai sai an kai shi an daidaita fuskarsa. Ɗaure kusoshin kai da ƙarfin hannu kawai, ba tare da sifana mai awo ba kuma ba bisa jerin da aka tsara ba, yana mayar da aikin baya.

Bayan an haɗa inji, sai a shiga neman laifi idan ya ƙi tashi ko ya tashi yana rawa. Ƙa'idar ƙwararru ita ce a bi abubuwa uku bi da bi: matsin iska a cikin silinda, wuta, sannan mai. Ana auna matsin kowace silinda da ma'auni, a duba tazarar bawul, a tabbatar wayoyin fulogi sun bi jerin 1, 3, 4, 2, a gyara tazarar kontak da lokacin ba da wuta a distiributa, kafin a taɓa kafireto. Yawancin masu gaggawa da kafireto suke farawa, su yi ta juya kusoshinsa alhali laifin yana wani wuri. Hayaƙin salansa ma shaida ne: baƙi yana nuna fetur ya yi yawa, shuɗi yana nuna inji yana ƙona baƙin mai, fari mai kauri da ba ya ɗaukewa yana nuna ruwa ya shiga silinda. Bugu da ƙari, al'adar zuba ruwan rijiya zalla a lagireto tana jawo tsatsa da cin kan inji, ga shi Lafiya gari ne mai zafi.

Mai inji silinda shida aikinsa ya fi wuya, domin gangar jikinsa ma ta alminiyum ce, kai biyu gare shi, kuma samfurin farko kafireto biyu yake da su waɗanda dole su yi aiki tare. Kayansa ba su yawaita a ƙasar nan ba ko a da. Wanda bai tanadi kaya da ƙwararren bakanike ba kafin ya kwance irin wannan inji, yana iya barin motarsa a gareji shekara da shekaru.

Batun kayan gyara shi ne babban ƙalubale. Tun bayan shirin gyaran tattalin arziki na 1986, darajar naira ta faɗi, sababbin motoci suka fi ƙarfin ma'aikaci, motocin gwanjo da ake kira Beljiyam suka cika kasuwa, 'yan kasuwar kayan gyara kuma suka karkata ga motocin Japan. A yau mai neman kayan Peugeot na asali sai ya aika Panteka a Kaduna, Ƙofar Ruwa a Kano, Ladipo a Legas ko kasuwar Nkwo ta Nnewi, inda zai tarar da kaya hawa uku: ragowar na asali, na gwanjo da aka ciro daga wata mota, da sababbi na kwaikwayo waɗanda ingancinsu ya bambanta ƙwarai. Har ila yau, bayan da aka saki darajar naira a watan Yuni na 2023, dala ta tashi daga kusan naira 460 a farashin hukuma zuwa sama da 1,500 a 2024, abin da ya shafi duk kayan da ake shigowa da su. Cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu, 2023 ya kai litar fetur daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 1,000 a ƙarshen 2024, lamarin da ya sa kafireton da ba a daidaita ba ya zama ramin da ke cin kuɗi kullum.

Ga ɗan kasuwa mai son shiga wannan harka, lissafin a fili yake. Kada a sayi kaya sai an kwance inji an auna, domin awo ne zai nuna abin da ya mutu da abin da ke da sauran rai. A raba kuɗin kaya da kuɗin aiki a rubuce, a ware na yankan karanshaf da daidaita kai, a kuma bar wani kaso domin abin da zai ɓullo daga baya. Araha ba ta ado: zobe ko mital na jabu yana iya sa inji ya buga cikin 'yan watanni, a sake biyan kuɗin aikin gaba ɗaya.

Daga ƙarshe, kadarar da ta fi saurin ƙarewa ita ce ilmin aikin. Makanikan da suka koyi sana'a a lokacin da Peugeot ke tashe shekarunsu sun ja, matasan da ke tasowa kuwa sun fi sabawa da motocin da ake gano laifinsu da kwamfuta. Lafiya tana da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Isa Mustapha Agwai, ga kuma ƙungiyar makanikai ta ƙasa, NATA; haɗa ɗalibai da tsofaffin hannu zai sa a rubuta awo da dabarun da yanzu ke cikin kawunan mutane kaɗan. Mai gareji da ya mallaki ma'aunin matsi, sifana mai awo da amintacciyar hanyar samun kaya, zai sami ciniki daga mai jigilar doya da kuma mai sha'awa, domin kowannensu a shirye yake ya biya kuɗin aikin da ba za a maimaita ba.