Masu Riƙon 'Ya'yan 'Yan'uwa: Yadda Muka Haɗa Kai

In mutum ya duba da kyau ranar Lahadi, da wuya ya rasa ganin wata tsohuwa ta shigo sujada riƙe da hannun yara biyu ko uku waɗanda ba ita ta haife su ba. Wata kaka ce, wata goggo, wani kuwa kawu ne ko baffa da ya haɗa 'ya'yan ɗan'uwansa da nasa suna cin tukunya ɗaya. Riƙo ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Amma cutar ƙanjamau, da rikicin Jos na 2001 da 2008 da 2010, da ta'asar Boko Haram tun daga 2009, sun sa riƙon da ake yi dā don zumunci ya zama dole a gidaje da yawa. Mu ma muna cikin waɗanda abin ya faɗo wa, shi ya sa muka ga ya kamata mu gaya wa masu karatu yadda muka kafa zumuntar taimakon juna, da inda muka yi tuntuɓe.

Mu biyar muka fara, a ajin makarantar Lahadi bayan an tashi sujada. Kuskurenmu na farko shi ne da muka sa aka yi sanarwa a gaban jama'a cewa akwai taron masu marayu. Da mako ya zagayo ɗaki ya cika maƙil, kowa na tsammanin za a raba shinkafa da barguna. Da aka ga babu, sai aka watse, wasu har da gunaguni. Waɗanda kuwa kayan ya fi yi musu nauyi ba su zo ba, domin ba sa so a nuna jikokinsu da yatsa. Daga nan muka koma bin gida gida, muna faɗa wa mutum gaskiya tun daga ƙofa: ba mu da abin rabawa, sai kunne da shawara.

Yanzu muna haɗuwa sau biyu a wata, awa ɗaya da rabi, don mai zuwa gona ko kasuwa ya san lokacin tashi. 'Yan mata biyu na ƙungiyar matasa suna kula da yara a waje, gama ba a maganar yaro a gabansa. Dokarmu ta farko ita ce abin da aka faɗa a ɗaki ya tsaya a ɗaki. Mun taɓa rasa wata 'yar'uwa har wata shida saboda maganar rashin lafiyar jikanta ta fita unguwa, kuma sai da muka je gidanta muka roƙi gafara kafin ta dawo. Ta biyu, ba a katse mai magana, ba a kuma yi masa wa'azi. In kaka ta ce, "Na gaji da yaran nan," sauraro take bukata, ba tsawa ba.

Da tafiya ta yi nisa muka gane damuwarmu kusan iri ɗaya ce: yaron da ke firgita cikin dare, kishi tsakanin 'ya'yan gida da 'yan riƙo, da dangin da suka kwashe gonar mamaci suka bar mana bakunan ciyarwa. A nan ne sanin wani ke amfanar wani. A taronmu ne wasu suka fara jin cewa Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ce ke ba da takardar haihuwa, kuma dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ce karatun shekara tara, firamare 6 da ƙaramar sakandare 3, kyauta ne kuma dole. In magana ta fi ƙarfinmu, kamar ta gādo ko ta yaron da ake cuta, mukan raka mai ita wurin dattawa, ko ofishin jin daɗin jama'a na ƙaramar hukuma, ko asibiti.

Wanda zai shugabanci irin wannan zumunta ya sani shi ma mai riƙo ne, yana da nasa kayan. Kada ya mai da kansa likita da alƙali da ma'aji a lokaci guda. Mu dai mukan sauya mai jagorar taro kowane wata uku. Kuɗin adashenmu kuwa mutum biyu ke ƙirgawa a gaban kowa, a rubuta a littafi, domin kuɗi ya sha raba 'yan'uwa.

Akwai tambaya guda da kowace kaka ke kwana da ita: in na faɗi, wa zai karɓi yaran nan? Mun daina gudun wannan magana. Muna ƙarfafa kowa ya tara danginsa tun yana da ƙarfi, a faɗi sunan wanda zai karɓa, a rubuta a gaban shaidu.

Saboda haka muna roƙon fastoci da dattawa da Zumuntar Mata su ba da ɗaki da benci, su bar masu riƙon su ja ragamar abinsu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. In ka san masu riƙo uku a unguwarku, ko da ba ikkilisiyarku suke ba, ka je ka gaishe su wannan mako. Allah ya raya mana yaran nan, amin.